A bakin tasha ake tare ɓarawon kifi

Duk wanda ya tsaya a bakin tekun Lome da la'asar, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne jiragen ruwan da suka yi jerin gwano can nesa, sun jefa anka suna jira. Wasu layin shiga tasha suke jira, wasu mai, wasu kuma sun zaɓi kwana a nan ne don sojojin ruwan Togo na gadin wurin, ga 'yan fashin teku da suka daɗe suna addabar Mashigin Gini. Daga tudu duk kamarsu ɗaya. Ba ka iya cewa wannan siminti ya ɗauko, wancan motoci, wancan kuwa cikinsa maƙare yake da daskararren kifi da aka juye masa daga wasu jiragen a tsakiyar teku, inda babu idon kowa.

Irin wannan na ƙarshen ne ya fito da ni. Niyyata in bi gaɓar teku a mota daga Lome har Abijan, ina yada zango a tashoshin da ke tsakani, in ga yadda wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Rum take aiki a wurin da ake sauke kifi. Ranar 22 ga Nuwamba 2009 babban taron Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ya amince da ita, amma ba ta fara aiki ba sai 5 ga Yuni 2016, bayan adadin waɗanda suka ɗaure kansu da ita ya kai 25. Ma'aikatan tasha PSMA suke ce mata. Ita ce yarjejeniyar duniya ta farko mai ƙarfin doka da aka yi takanas saboda kamun kifi na haram, da wanda ake ɓoye lissafinsa, da wanda ake yi a inda babu wata ƙa'ida.

Hikimar da ke cikinta ba ta da wuyar ganewa. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da kifin da ke cikin mil 200 na teku daga bakin ruwanta. Rubuta wannan a takarda abu ne mai sauƙi, gadin filin kuwa sai mai jiragen sintiri da kuɗin zuba musu mai. Ko an samu jirgin sintirin ma, kifi na ganinka mai jar koma: masu satar suna da na'urar da ke hango jirgi tun daga nesa, kafin ka iso sun naɗe raga sun ƙara gaba. To amma kome daɗewar jirgi a ruwa, wata rana dole ya nemi tudu. Mai zai ƙare, inji zai nemi gyara, ma'aikata za su gaji, shi kansa kifin ba ya zama kuɗi sai ya taka ƙasa. Wanda aka kore wa shanu, in mai wayo ne, ba zai faɗa daji nema ba, kara zai je ya zauna ranar kasuwa. Abin da yarjejeniyar ta ce ke nan: a je kara a zauna.

Mai son sanin tsadar bin ɓarawo a teku ya tuna jirgin nan Thunder. Tun 2013 Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta baza sanarwa a kansa, saboda ya daɗe yana kwasar wani kifi mai tsada na ruwan sanyi a tekun da ya kewaye Antatika. A Disamba 2014 jirgin Sea Shepherd, ƙungiyar masu kare halittun teku, ya ritsa shi a can, ya bi bayansa kwana 110, tafiyar da ta haura mil 10,000 na teku, har ranar 6 ga Afrilu 2015 da ya nutse kusa da Sao Tome, a cikin wannan mashigi da nake kallo. Tutar Najeriya yake ɗauke da ita, ana tsakiyar tseren Najeriya ta soke rajistarsa. Kotun Sao Tome ta ɗaure kyaftin ɗin da manyan ma'aikatansa biyu, ta kuma ci su tarar Yuro miliyan 15. Duk wannan wahala a kan jirgi ɗaya. Ƙiyasin da aka fi ambato, wanda masana suka fitar a 2009, ya ce kifin da ake kamawa ta haramtacciyar hanya a duniya yana tsakanin tan miliyan 11 da miliyan 26 a shekara, kuɗinsa dala biliyan 10 zuwa 23.5. Faɗin tazarar nan kaɗai ya isa ya tuna maka cewa ɓarawo ba ya yanka rasit.

Togo ba ta da wani ruwa mai yawa, gaɓarta ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba. Abin da ya jawo mata magana tutarta ce. Akwai ƙasashen da ke yi wa jiragen baƙi rajista don kuɗin shiga, ba tare da sun san inda jirgin yake ko abin da yake yi ba, alhali a dokar teku ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ce ke da alhakin tsawata masa. A kan haka Tarayyar Turai ta ba Togo katin gargaɗi, wato kashedin cewa za ta iya daina sayen kifinta, a 2012, ta janye shi a 2014 bayan an yi gyara. Duk da haka sunan bai daina yawo ba. Jirgin STS-50 da Indonesiya ta cafke a Afrilu 2018, wanda aka taɓa tsarewa a Mozambik ya sulale, tutar Togo yake iƙirari. Na leƙa sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2019 da tallafin Japan, gabas da babbar tashar, na ga kwale-kwale da mata masu sari, amma abin da nake nema yana gaba.

Iyakar Aflao, ta shiga Gana, a bakin Lome take, da ƙafa ma ana tsallakawa. Muka haye Kogin Volta a Sogakope, na yi gyangyaɗi, na farka a Tema.

An buɗe tashar Tema a 1962, kuma ɓangaren kamun kifi yana da nasa shinge da ƙofa. Warin gishiri da gas da kifi ne ke fara tarbar mutum. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne mai furfura a gemu, jami'in duba jiragen kifi, yana sanye da hular kwano da riga mai ƙyalli. Ya kai ni ofishinsa, ya jawo wata takarda daga cikin tarin da ke gabansa.

"Malam, kafin jirgi ya shigo, takardarsa ce ke fara shigowa," in ji shi. "Wanda ya iya karanta wannan ya yi rabin aiki."

Takardar neman izinin shiga ce, wadda yarjejeniyar ta wajabta wa kowane jirgin kifi na waje ya aiko tun yana hanya, kuma a tashoshin da ƙasa ta ware kaɗai zai nemi shiga. Akwai sunan jirgi da tutarsa da mai shi, da tashar da ya baro, da lasisin da yake da shi da ƙasar da ta ba shi. Sai kifin da ke ciki, irinsa da nauyinsa da wurin da aka kama shi. In kuwa wani jirgi ne ya juye masa, to wane jirgi, a ina, ran nawa ga wata, da izinin wa. Dattijon ya ce yakan fara da duba sunan a jerin jiragen da hukumomin kifi na shiyya-shiyya suka sa wa baƙin fenti. Daga nan ya buɗe kwamfuta ya nuna mini sawun wani jirgi a taswira, ɗigo-ɗigo da na'urar AIS ke aikawa ta tauraron ɗan'adam. Ya bi layin da bakin biro har inda ya yanke, sannan ya ci gaba can nesa.

"Nan ya kashe na'urarsa. Zai ce lalacewa ta yi. Wani lokacin gaskiya ne. Amma in na ga na'ura tana lalacewa daidai bakin ruwan wata ƙasa, tana warkewa daidai fita, sai in ce masa ya kawo mini bayani."

Wani abin da suke farauta shi ne jirage biyu da suka jeru a tsakiyar teku, suna tafiyar hawainiya awa da awanni. Haka juyen kifi yake bayyana a taswira. In hujja ta yi ƙarfi cewa jirgi ya taɓa haram, ƙasa na iya hana shi shiga gaba ɗaya. Tana kuma iya barinsa ya shigo don a bincike shi kaɗai, amma ba sauke kifi, ba shan mai, ba sayen guzuri, ba gyara. Jirgin da ke cikin haɗari ne kawai ba a rufe wa ƙofa, don rai ya fi kifi.

Da hantsi ya tafi da ni wani jirgin dakon kifi mai ɗakunan sanyi da ya kwana a bakin tasha. Tun kafin mu hau ya tsayar da ni, ya nuna goshin jirgin. Sunan da aka rubuta da farin fenti daban, amma in rana ta bugi ƙarfen ta gefe sai ka ga tudun wasu haruffa a ƙarƙashin baƙin fenti, tsohon suna da aka taɓa walda shi a jiki. Na ce, "Yallaɓai, to ai ga shi mun kama." Ya yi dariya. Ya ce jirgi yakan sauya suna duk lokacin da aka sayar da shi, wannan ba laifi ba ne. Abin da ba ya sauyawa lambar IMO ce, lamba bakwai da ake ba gangar jirgi ta bi shi har ranar da za a yanka shi a sayar da ƙarfen. Ita ya je ya duba a bayan jirgin, ya sake dubawa a ɗakin inji, ya gwada da wadda ke cikin takardu. Masu sauya suna da tuta don ɓad da sawu a nan suke tuntuɓe, shi ya sa wasunsu ke gudun karɓar lambar tun farko.

A ɗakin kyaftin aka baje masa takardu: rajistar jirgi, littafin tafiya, rasit na kowane juye da sa hannun kyaftin biyu, da taswirar lodi mai nuna abin da ke kowane ɗaki. Bai yi sauri ba. Yana ɗaukar kwanan wata daga rasit, ya nemo shi a littafin tafiya, ya duba ko wurin da aka rubuta ya yi daidai da sawun da ya gani a kwamfuta. Ejan ɗin jirgin na tsaye a bakin ƙofa yana ta kallon agogo, don kowace awa da jirgi ya yi a tasha kuɗi ce, ga motocin sanyi sun yi layi a ƙasa. Ita yarjejeniyar ma ta ce kada a riƙe jirgi ba gaira ba dalili, kada kuma a bari kifi ya lalace saboda bincike. Tsakanin wannan da wancan jami'i yake tafiya.

Sai muka sauka ɗakin sanyi. An ba ni wata jibgegiyar riga, amma sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili bai san da ita ba. Numfashi yana fita fari, gashin hanci yana ƙandarewa. Katan-katan ne jere tun daga ƙasa har rufi, kowanne da tambarin jirgin da ya kama kifin da irin kifin da kwanan wata. Ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Dattijon ya ƙirga tsawo da faɗi da tsayi, ya buga lissafi a waya, ya gwada da taswirar lodi. Sannan ya nuna wani katan can ciki, ba na bakin hanya da aka tura masa ba, ya ce a fasa. Ya kankare ƙanƙarar da babban yatsa, ya duba kan kifin da wutsiyarsa, ya ga ko shi ne aka rubuta a jiki. Biro ya ƙi rubutu don sanyi, ya zaro fensir daga bayan kunne.

Ba a samu kome ba. Takardu sun yi daidai, aka sa hannu, injin ɗaga kaya ya fara aiki. Yawancin bincike haka yake ƙarewa, kuma ban ga gazawa a ciki ba. Kyaftin ɗin da ya san za a fasa katan na can ciki yakan yi tunani kafin ya karɓi kaya daga jirgin da ba shi da lasisi.

A kan hanyar komawa ofis ne ya faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai.

"In na kore shi a nan da yamma, kafin gari ya waye ya isa Lome. Abijan kwana ɗaya ne. In can ba su san na kore shi ba, me na yi? Na dai ƙara masa kuɗin mai."

An ga haka a zahiri. Jirgin Kunlun, abokin sana'ar Thunder, an tsare shi a Phuket ta Tailan a Maris 2015 da kimanin tan 180 na kifin da ya rubuta da sunan wani kifi daban. A Satumba ya tsere da kayansa. Sai farkon 2016 aka gano shi a Dakar da sabon suna, Asian Warrior, hukumomin Senegal suka tsare shi. Ya ratsa rabin duniya yana neman ƙofar da ba a san fuskarsa ba.

Saboda irin wannan ne ƙasashe shida na wannan gaɓa, Laberiya da Kodebuwa da Gana da Togo da Benin da Najeriya, suka kafa kwamitin kifi na haɗin gwiwa, FCWC, a 2007, hedikwatarsa kuma a nan Tema. A 2015 suka ƙara da wata runduna ta musayar bayanai da tallafin Norwe, inda ƙungiyar TMT ke taya su tantance jirage. Jami'an ƙasashen shida suna da dandali ɗaya a intanet. Wani zai sa hoton jirgi ya tambaya ko akwai wanda ya san shi. Wani zai sa kwafin lasisi ya ce, ku ne kuka bayar da wannan? Sau da yawa amsar da ke dawowa daga maƙwabta ita ce ke tona takardar jabu, don ba wanda ya san hatimin ƙasa kamar mai buga shi. Uku daga cikin ƙasashen da Ingilishi suke aiki, uku da Faransanci, kuma dattijon ya ce Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma hoto da lamba ba su buƙatar tafinta.

A ganina nan ne ainihin haɗin kan yake. Ministoci suna sa hannu, ana taron ƙasashen yarjejeniyar a Oslo a 2017, a Santiyago a 2019, a Bali a 2023, duk da amfaninsu. Amma ranar da jirgi ke tafe, abin da ke aiki shi ne ko jami'in da ke Kwatano zai ɗaga waya in na Tema ya kira shi da dare. Wannan kuwa sabo ne da yarda, waɗanda ake ginawa a hankali, kuma suna iya rushewa ranar da aka yi wa mutum ɗaya canjin wurin aiki.

Na bar Tema da kyakkyawan zato. Elmina ce ta rage mini shi.

Bayan cunkoson Akra da na Kasoa, hanya ta miƙe yamma har ka hango ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. A gindinta tafkin Benya yake, cike da kwale-kwale masu fenti kala-kala, sun cushe har ba ka ganin ruwa. Garin nan ne ya yi suna da cinikin da ake kira saiko. Manyan jiragen jan raga, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan teku ne, sukan kwashe ƙananan kifin saman ruwa da masu kwale-kwale suka dogara da su, su daskarar da su fale-fale, su sayar wa wasu manyan kwale-kwale a tsakiyar teku. Rahoton da ƙungiyoyin kare muhalli na EJF da Hen Mpoano suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 100,000 aka shigo da su ta wannan hanya a 2017 kaɗai, kuɗinsu ya haura dala miliyan 50. Kifin sadinela da ake kamawa a Gana ya faɗo daga sama da tan 135,000 a 1996 zuwa kimanin 29,000 a 2016.

Na zauna wurin wani tsoho da ke ɗinkin raga a inuwar kwale-kwale, wani saurayi na yi mana tafinta. Ya riƙe ragar da yatsan ƙafa, hannunsa na tafiya ba ya ko kallo. Na ce, "Baba, an ce an hana saiko yanzu." Ya ce ba a yin sa a fili kamar da, wannan gaskiya ne. "Amma ɗana, kifin bai dawo ba. Da, in sanyin teku ya shigo a watan bakwai, jifa ɗaya kake yi ka juyo gida. Yanzu sai mu yi nisa har tudu ya ɓace, mu dawo ko kuɗin mai ba mu mayar ba." Bai wanke 'yan'uwansa ba. Ya ce a cikinsu akwai masu kunna fitila da dare su tara kifi, akwai masu raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan, kowa na cewa in bai ɗauka ba wani zai ɗauka.

Abin da ya dame ni shi ne, jiragen da suka yi wannan ɓarna yawancinsu tutar Gana suke ɗauke da ita, yarjejeniyar tasha kuwa an gina ta ne a kan jiragen baƙi. Dokar kifi ta Gana ta 2002 ta hana baƙi mallakar irin waɗannan jirage, amma binciken EJF na 2018 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin, ana dai sa sunan ɗan ƙasa a takarda. Jirgin da ya ari tutar gida ya zama ɗan gida, ba ya cike takardar baƙo. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ce ƙasa ta yi wa jiragenta matakan da ba su gaza na baƙi ƙarfi ba, amma wannan ya rage tsakanin ƙasa da kanta. Ana sa jami'in sa ido a cikin jirgi, mutum ɗaya tsakanin ma'aikatan da ake biya gwargwadon abin da suka kama. A Yuli 2019 ɗaya daga cikin waɗannan jami'ai ya ɓace daga jirgin da yake aiki a kai a ruwan Gana. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake ba ta a Yuni 2021, kuma saiko na cikin dalilan.

Daga Takoradi zuwa iyakar Elubo gonakin roba ne da kwakwar manja. Aka buga fasfo a Noe, na shiga Kodebuwa, ƙasar masu Faransanci.

Tashar Abijan a cikin tafkin Ebrie take, jirage na shiga ta mashigin Vridi da aka haƙa aka buɗe a 1950. Nan ce babbar tashar kifin tuna a wannan gefe na Atlantika. Na tarar ana sauke wani jirgin Turawa mai ragar zobe. Kifin a ruwan gishiri mai sanyi ake daskarar da shi, injin ya ɗago shi cikin raga, ya sauke a kan dakali da ƙara, tururin sanyi na tashi. Lebura sanye da safar hannu suna ware manya daga ƙanana da ƙugiya. A gefe wasu matasa biyu na ɗaukar kifi ɗai-ɗai suna aunawa a kan allo mai ma'auni, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa. Waɗannan alƙaluman suna ƙarewa ne a ICCAT, hukumar kula da tuna ta Atlantika mai mazauni a Madrid, wadda aka kafa da yarjejeniyar Rio ta 1966. Da su ake gwada abin da kyaftin ya ce ya kama da abin da ya fito daga cikin jirginsa.

Bincike a nan yana da tsanani, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin gwangwani na Abijan Turai suke kai kaya, kuma tun 1 ga Janairu 2010 kifin teku ba ya shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar kamu wadda ƙasar tutar jirgin ta tabbatar. Ƙasar da aka ba jan kati an rufe mata wannan kasuwa, kamar yadda ya faru da Gini daga 2013 zuwa 2016, da Kamaru a Janairu 2023. Ina jin tsoron rasa kasuwa ya tura gyara a wannan gaɓa fiye da duk wani jawabi. Sai dai abin na yi mini ɗaci a baki, don jiragen Sifaniya da Faransa suna cikin masu kwasar tuna a wannan ruwa, ga shi kuma alƙalin wasan daga gidansu yake.

Wadda ta zagaya da ni a Abijan wata matashiyar jami'a ce, mai magana a taƙaice. Na tambaye ta ko shigar Sin cikin yarjejeniyar a Afrilu 2025 za ta sauya wani abu, tunda ita ce ke da jiragen kamun kifi na nesa mafi yawa a duniya. Ta ce abin da ya shafe ta shi ne, yanzu in ta tura tambaya kan jirgi mai tutar Sin, akwai wajibcin a ba ta haɗin kai, kuma in ta aika rahoton laifi akwai wajibcin a bincika. Ta nuna mini rumbun bayanan da FAO ta buɗe a ƙarshen 2023, GIES, inda ake sa rahoton bincike da na hana shiga don sauran ƙasashe su gani. Ta ce yana da kyau gwargwadon abin da aka zuba masa. Tashar da ba ta shigar da rahotonta ba, jirgin da ta kora zai iso wa na gaba da farar takarda.

Sannan ta juya ta nuna mini can ƙetaren ruwa, inda kwantenoni suka yi tsibi, farare masu injin sanyi a jere a gefe ɗaya.

"Malam, ka ga waɗancan? Kifi da yawa yanzu a cikinsu yake tafiya."

Yarjejeniyar ta keɓe jiragen kwantena in kifin da suke ɗauke da shi an riga an sauke shi a wata tasha, sai fa in akwai dalilin zargi bayyananne. Ma'ana, tashar farko ita ce kome. Kifin sata in ya samu tasha ɗaya mai sakaci ya taka ƙasa, ya samu takarda, aka rufe shi a kwantena aka buga hatimi, daga nan ya zama kaya kamar kowane kaya, ya koma hannun kwastan, jami'in kifi ba lallai ya ji labarinsa ba. Shi ya sa a kowace ƙasa cikin shidan nan aka kafa kwamitin da ke zaunar da ma'aikatar kifi da kwastan da hukumar tasha da sojojin ruwa a teburi ɗaya. Na ce, "Ranki ya daɗe, to in takardar kwantena ta zo hannunki, me kike dubawa?" Ta ce abu biyu: sunan jirgin da ya kama kifin, da tashar da aka fara sauke shi. In jirgin ba ya cikin kowace rajista da ta sani, ko kuwa tashar tana ƙasar da ba ta shiga yarjejeniyar ba, sai ta rubuta wa kwastan ta nemi a dakatar da kwantenar a buɗe.